Abin da Lalle Ya Rufe

Kano, 3 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da amaryarmu Nasiha da duk mutanen Hausari. Ya hidimar biki? Allah ya kai mu ranar da rai da lafiya.

Madu direba ya kawo kwalin turaren wuta da humra jiya, kafin la'asar malaman makarantarmu sun wawashe rabi. Na ba shi wannan takarda ya sa miki a hannu, domin na gaji da wayarki. Duk sanda na kira gida cike yake da mata, sai ki ce "lafiya lau" ki miƙa wa wata. Takarda dai ba ki da wadda za ki miƙa wa.

Yaya, maganar ciwon sukarin nan ce. Wata huɗu ke nan da na aiko miki da na'urar awo, har yau ban ji lamba ko ɗaya ba. Ga ƙwayoyin wata biyu na sake sayowa. Na rubuta wa Nasiha yadda za ta riƙa ba ki, na kuma ce ta ɓoye gwangwanin sukarin shayi, ta rage miki shinkafar Zabarmarin nan da kike ci kamar gobe za a hana nomanta. Don Allah kada ki yi mata gardama.

Sannan akwai abin da ya tsaya mini a rai. A hoton da Nasiha ta turo ranar da aka kawo lefe, kowa yana kallon akwatuna, ni kuwa ƙafarki nake kallo. A ta dama takalminki ne, a ta hagu kuwa silifas ɗin marigayi baban su Nasiha ne, na gane shi. Kuma ƙafar baƙa ƙirin da lalle, alhali saura mako uku biki. Tun yaushe kika fara lalle kafin ranar lalle?

Da likita bai hana ni tafiya da cikin nan ba, da ni za ki gani a ƙofarki, ba Madu ba. Wata takwas ba wasa ba ne. Ki ba ni amsa ta hannunsa idan zai juyo.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Munawwara

Hausari, Maiduguri, 6 ga Mayu

Auta,

Wa alaikumus salam. Wushe, sannu da aiki, sannu da nauyi. Ina gaida mijinki da yara, har da wanda ke ciki yana jin irin faɗan da uwarsa ke yi. Mu nan kalau muke, sai zafin rana da ya sa ko kaji ba sa fitowa tsakar gida.

Na karanta takardarki sau biyu, na ce ikon Allah. Yarinyar da na goya, na tsefe wa kai, na kai makaranta da hannuna, yau ita ce ke auna mini shinkafa daga Kano. Malamar makaranta na san ki. In kin zama likita ba a gaya mini ba, faɗa mini in fara rusuna miki.

Na'urarki tana nan lafiya cikin kwalinta a ƙarƙashin gado, ko ledarta ban yage ba. Me zan auna? Ciwon nan ai ba nawa ba ne, naku ne. Ke ke sayen magani. Nasiha ke riƙe da katin asibiti, ita ke zuwa ta karɓo takarda ta dawo. Ƙanena Mukhtari in ya taso daga kasuwar kifi sai ya biyo ya leƙa kwanona kamar mai neman ɓarawo. Ranar da aka gano ciwon, shekara biyar ke nan, shi da likita suka yi ta Turanci a kaina, ina zaune kamar buhun kifin da ake ciniki. Da muka fito na tambaye shi me aka ce, ya ce ba komai, in dai riƙa shan magani. To ina sha, in na tuna.

Kuma wai ni za a ɓoye wa sukari. Shekara talatin ina narka shi a tukunya ina juya itacen sandal da hawi a ciki, shi ne abincin sana'ata. Buhu biyu gare ni a ɗakin ajiya. Nasiha ta ɓoye gwangwani, ni kuwa na yi dariya na je na ɗebo a buhu.

Ƙafa kuma, idonki ya cika sa ido. Mako uku da suka wuce ina gwada sabon haɗin da na yi wa amarya, garwashi ya faɗo daga kasko na taka ban sani ba. Sai da Nasiha ta ce tana jin ƙaurin wani abu aka duba. 'Yar ƙuna ce a ƙarƙashin babban yatsa. Na sa mata lalle, domin kin san lalle yana sanyaya ƙuna yana busar da ciwo, haka muka taso muka ga ana yi. Na maimaita sau uku, shi ya sa ya yi baƙi. Ƙafar ta ɗan tasa, takalmina ya ƙi shiga, na ɗauki na marigayi. Amma ko kaɗan ba ta yi mini zafi, a kanta nake wuni a tsaye. Jiki magayi ne, Auta. Da akwai abin faɗa, da ya faɗa.

Amare huɗu ke jiran turarena ban da tawa 'yar. Ki kula da cikinki, ki bar mini ƙafata.

Allah ya sauke ki lafiya.
Yayarki,
Yagana

Kano, 8 ga Mayu

Ƙawata Phebe,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Alfred da yara. Ya aikin asibiti? Na san rabona da ke tun sunan autarki, ki yafe mini, yau ma buƙata ce ta kawo ni.

Na haɗo miki takardar da Yaya Yagana ta aiko mini, ki karanta da idonki. Ke ce nas a ɓangaren masu ciwon sukari, ke kika san abin da nake tsoro ba tare da na iya faɗarsa ba. Tun muna makarantar kwana kina zuwa gidanmu hutu, ba za ta hana ki shiga ba. Ki je kamar mai sayen turare, ki lallaɓa ki duba ƙafar nan. In ta kama a ɗauke ta, ki gaya mini kawai, zan sa Yaya Mukhtari ya zo da mota.

Na kasa cin abinci tun jiya. Madu zai biyo ta wurinki ranar Lahadi ya karɓi amsa.

Taki,
Munawwara

Maiduguri, 11 ga Mayu

Munawwara,

Na gaishe ki, ina yi miki addu'ar sauka lafiya. Na zaɓi in rubuta ne domin a waya za ki katse ni kafin in kai ƙarshe, na san ki.

Na je jiya da rana. Ban yi ƙaryar sayen turare ba, kuma ko na yi ba za ta sha ba. Tana ganina ta ce, "Auta ta turo soja." Ta sa aka kawo mini burabusko da miyar kifi, muka yi hira.

Ga abin da na gani. A ɗakinta kasko uku ke hayaƙi lokaci ɗaya, da tsakar rana, taga a rufe, a wannan zafi. Ta ce kayan amare take turarawa. Amma shekara goma sha shida ina wanke irin wannan ciwo, hancina ya san abin da ke ƙarƙashin ƙamshin. Ƙafar hagu ta lulluɓe ta da gefen lafayarta, ta ƙi buɗewa. Ko ta buɗe ma, da wannan lalle ba mai iya bambance baƙin ado da baƙin nama.

Ta dai yarda na yi mata wasa da ta dama. Na karyo tsinken tsintsiya, na ce ta rufe ido ta faɗa duk inda ta ji na taɓa. Na taɓa wuri goma a tafin ƙafar, biyu ta ji. Da ta buɗe ido na gaya mata, sai ta karɓi tsinken ta soka da kanta, ta daɗe tana kallonsa. Na ce mata rashin zafin da take taƙama da shi, shi ne ciwon. Na tambaye ta me ke faruwa in sukari ya yi yawa a tukunyar turare, ta ce yana cin itacen ya bar gawayi. Na ce to haka yake yi wa jijiyoyin ƙafa a hankali, har su daina kai labari. Ta ce shekara biyar ba wanda ya taɓa gaya mata haka. Na duba katinta a wurinmu, sau biyu kawai ta taɓa zuwa da ƙafarta, sauran duk saƙo ne.

Na bar mata ƙaramin madubi don ta riƙa ganin ƙasan yatsan. Na ce ta lura da kumburi, da ruwa, da wari, da zazzaɓi. Na kuma gaya mata gaskiya cewa ƙafar nan asibiti take buƙata yau, ba bayan biki ba.

Yanzu ke. Kada ki turo Mukhtari. Na sha ganin waɗanda aka ɗauko da ƙarfi. Muna wanke ciwo, mu daidaita sukari, su koma gida su ajiye komai, bayan wata uku a dawo da su abin ya fi na da. Waɗanda suke fita da ƙafarsu su ne masu damun mu da tambaya, masu duba kansu kullum. Mu rabin awa muke ganin mutum a wata, sauran kwanakin shi ke tare da jikinsa.

Ba zan ɓoye miki ba, lokaci ya ƙure. Kwanaki nake lissafawa, ba makonni ba. In zazzaɓi ya shiga, maganar ta tashi daga ta ƙafa ta koma ta rai. Zan riƙa biyawa kullum in na tashi aiki. Ki ba ni dama.

Taki,
Phebe

Kano, 13 ga Mayu

Yaya,

Salama. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, zuciyata ba ta kwance.

Phebe ta gaya mini komai. Ƙafarki tana ruɓewa kina turara ta. Ta ce in yi haƙuri in jira, amma ba ita ce za ta rasa 'yar'uwa ba. Na kira Yaya Mukhtari, gobe da safe zai zo da mota ya kai ki asibiti, ko kina so ko ba kya so. In kika ƙi, ni da kaina zan kira dangin ango in ce a ɗaga bikin, in kuma faɗa musu dalili.

Ki yi fushi da ni, na yarda. Gara ki yi fushi kina raye. Wannan taurin kai ne kawai, Yaya, kuma yaro ma ba zai yi abin da kike yi ba.

Munawwara

Hausari, 15 ga Mayu

Munawwara,

Na amsa sallamarki, tunda ita wajibi ce.

Mukhtari ya zo jiya da mota da ƙarti biyu daga kasuwar Baga Road, suna ƙarnin kifi, a gaban matan da ke taya ni aiki. Na zauna a tabarmata na ce duk wanda ya taɓa ni ban yafe ba duniya da lahira. Suka tsaya suna kallon juna, suka fita. Kin ba ni kunya a unguwar da na yi shekara talatin ana girmama ni. Ga na'urarki nan cikin kwalin turare, na mayar miki.

Kin ce taurin kai. Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, domin shekararki bakwai a lokacin, kuma mun kai ki gidan Goggo kwana arba'in.

An gaya miki zazzaɓi ne ya kashe Inna. Ba shi ba ne. Wannan ciwon ne, kuma ta ƙafa ya kama ta. Kawunnanmu suka ɗauke ta a mota tana roƙonsu su bari, kamar yadda kika so a yi mini. Ni na bi su da ƙullin kayanta. A asibiti aka ce mata za a wanke ciwon ne kawai. Maza suka shiga ofis, suka yi magana, suka sa hannu a takarda. Ba wanda ya tambaye ta, ba wanda ya gaya mata. Ina gefen gadon lokacin da ta farka. Ta ce in sosa mata ƙafa tana ƙaiƙayi. Na ɗaga zanen, babu komai daga gwiwa zuwa ƙasa. Ta kalli wurin, ta kalle ni, ta ce, "Da ke aka yi?" Na rantse mata ban sani ba. Ta juya fuska bango. Daga ranar ba ta ƙara karɓar magani ko abinci daga hannun kowa ba, kwana goma sha tara ta yi.

Ni na wanke ta. Ni na ɗauke ki na riƙe.

Saboda haka in kin ga na rufe ƙafata, ba don ban san akwai ciwo ba ne. Tsoro nake ji, Munawwara, tsoro irin wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na fi son a kai ni kabari da ƙafa biyu da in yi barci a hannun mutane in farka in tarar sun yanke shawara sun yanke ni. Bikin 'yata kuma in kin isa ki ɗaga.

Yagana

Kano, 17 ga Mayu

Yayata, uwata,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a ƙasa. Shekara talatin da ɗaya kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ni kuma na zo na tura miki mota da ƙarti. Na yi kuskure, kuma kunya ta ishe ni. Ki yafe mini don Allah.

Na kira Yaya Mukhtari na ce kada ya sake zuwa da wannan niyya. Ban kira dangin ango ba, ba zan kira ba. Na ce wa Nasiha ta miƙa miki katin asibitinki da ƙwayoyinki, su zauna a hannunki.

Ga na'urar na sake ba Madu. Ba umarni a tare da ita. In kin so ki buɗe, in kin so ki mayar ƙarƙashin gado. Har yanzu ina tsoro, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma har yanzu ina ganin asibiti ya kamata ki je yau. Amma ƙafarki ce. Abin da kika yanke, ki gaya mini da bakinki.

Ƙanwarki mai neman gafara,
Munawwara

Maiduguri, 21 ga Mayu

Munawwara,

Ina gaisuwa. Kin ce ba ta amsa miki ba kwana huɗu, kuma ba ta ɗaukar waya. Ga abin da na sani.

Kullum ina zuwa. Bayan abin da Mukhtari ya yi, kwana biyu ba ta ce mini uffan ba, sai dai ba ta kore ni ba. Shekaranjiya ina shirin tashi ta yi mini tambaya ɗaya: a asibitinmu wa ke sa hannu kafin a yanka mutum? Na ce mai jikin, muddin yana cikin hankalinsa. Ta ce ko da ƙanensa namiji yana tsaye? Na ce ko da goma ne. Na ƙara da cewa in ta jira har ciwon ya gusar mata da hankali, to a nan ne wani zai sa mata hannu.

Jiya jikinta da zafi. Ta ce zazzaɓin sauro ne. Kumburin ya haura idon sawu, na gani da lafayar ta zame. Yanzu da sanda take zagayawa, kuma kaskon ya zama huɗu.

Na rasa abin faɗa, sai na ce mata duk Hausari an san ba mai hancinta, ita ke gane turaren da aka yi wa algus tun daga bakin ƙofa. Na ce kada ta yarda da ni, kada ta yarda da ke, ta kashe kaskon nan na rabin yini ta tambayi hancinta. Na ɗauki jakata na tafi.

Gobe Alhamis ranar lallen amarya, gida zai cika. In ta ce sai bayan Asabar, ban san abin da za mu tarar ba. Ki yi addu'a irin taku, ina yin irin tamu.

Phebe

Asibiti, Maiduguri, 27 ga Mayu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da mijinki da yara. Na yafe miki tun ranar da takardarki ta zo, bakina ne ya yi nauyi. Ki yi haƙuri da rubutun, akwai allurar ƙarin ruwa a hannun, shi ya sa ya zama kamar tafiyar kaza. Na san Phebe da Mukhtari sun ba ki labari a waya, amma kin ce in gaya miki da bakina.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba na kwashe garwashin kaskon nan huɗu na zuba musu ruwa. Na buɗe taga. Na ce wa Nasiha kada kowa ya shigo mini sai na kira. Na zauna a bakin gado ina jira, ina jin mata sun fara taruwa a tsakar gida suna kwaɓa lalle. Kafin hantsi hayaƙin ya gama fita.

Auta, warin ɗakin Inna ne. Shekara talatin da ɗaya ban manta shi ba. Ashe kwana da kwanaki ina jin sa, ina ƙara garwashi don kada in ji. Na ɗauki madubin Phebe na duba ƙasan yatsan. Lalle ba ya ruwa, wannan kuwa yana yi. Sai na yage ledar na'urarki, na bi hoton da ke jikin kwalin, na huda yatsana sau uku kafin in iya. Ta nuna ɗari huɗu da goma sha biyu. Ban san ma'anarta ba, amma na san ban taɓa ganin abin kirki ya kai haka ba.

Na yafa lafayata, na ɗauki katina da sandata. A tsakar gida Nasiha na zaune an fara zana mata hannu. Ta yunƙura za ta tashi, na ce in ta ɓata lallen nan ni da ita ne. Na fita bakin titi na tare keke mai ƙafa uku da kaina.

Likitan yaro ne, Dakta Sa'id sunansa. Ya buɗe ƙafar, ya juya wurin Phebe zai fara Turanci. Na buga sandata a ƙasa na ce, "Ɗana, mai ƙafar tana nan, kuma tana jin Hausa." Ya ja kujera ya zauna a gabana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na gaya masa komai, har buhun sukarin. Na tambaye shi me ya mutu, me ya rage, me zai faru in na ce a'a. Ya ce babban yatsa ya tafi, ba mai dawo da shi. Ya ce ciwon ya fara hawa, amma jini yana kaiwa sauran ƙafar, kuma da na ƙara kwana uku da wata maganar muke yi, ta gwiwa ko ta likkafani.

Na ce ya ɗauki biro ya zana mini a fatar inda zai tsaya. Ya zana. Na ce in ya shiga ya ga dole sai ya wuce layin, ya tsaya ya tambaye ni. Ya ce to sai dai a yi mini allurar baya, in kasance a farke. Na ce dama abin da nake so ke nan. Mukhtari ya iso yana haki, ya miƙa hannu zai karɓi takardar. Na riga shi. Na rubuta sunana cikakke, harafi bayan harafi. Idona biyu aka yi aka gama, bai wuce layin ba.

Ban ga bikin 'yata ba. Ban ga kiɗa da rawar daren wushe-wushe ba, ban ga ɗaurin aure ba, ba ni na kama hannunta na fitar da ita daga gidana ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yatsan, kuma na san da na kashe kaskon nan tun ranar da Phebe ta fara zuwa, wataƙila da ina wurin. Ranar Asabar da yamma, kafin a kai ta, suka biyo da ita nan. Tun tana bakin ƙofa na ji ƙamshin haɗin da na yi mata. Ya yi kyau, Auta, ban taɓa yin kamarsa ba. Muka yi kukanmu, na sa mata albarka, aka tafi da ita.

Yanzu Phebe tana koya mini yin allurar insulin da hannuna. Na dame su da tambaya har wata nas ta fara canza hanya in ta hango ni. Likita ya ce yatsa na biyu bai yanke hukunci a kansa ba tukuna, sai an ga yadda naman zai yi, kuma rabin aikin yana ga yadda sukarina zai zauna.

Yayarki,
Yagana

Asibiti, 3 ga Yuni

Auta,

Salama da gaisuwa. Madu yana tsaye a kaina, ba zan tsawaita ba.

Yau da safe ɗari da arba'in da takwas. Ni na auna. Kada ki tambaye ni ta gobe, ni zan gaya miki.

Yatsa na biyu har yanzu ba a sani ba, sai Juma'a. Kullum in an kwance bandeji ni ke fara dubawa da madubi kafin su duba.

Ke ma jinin Inna ne a jikinki, ga kuma ciki. Ki je a auna ki, ki tambaye su ma'anar lambar, kada ki bar mijinki ya ji miki.

In kin sauka lafiya zan zo suna in Allah ya so, da sanda ko ba sanda. Ki tanadar mini lalle na hannu kawai. Ƙafa na daina yi mata, ina son in riƙa ganin launinta.

Allah ya raba ku lafiya.
Yayarki,
Yagana